Shafin da Ban Karanta Ba

Yau wata uku da kwana tara ina yawo da wani ɗan abu a aljihun gaban rigata, abin da bai kai farcen babban yatsana girma ba. Katin memori ne na kyamarar cikin mota. In na canza riga sai na canza masa aljihu, kamar mai yawo da maganin hawan jini. A cikinsa akwai minti goma sha ɗaya na rayuwata da ta 'yata, kuma daga ni har ita babu wanda ke tuna yadda suka ƙare.

Ku da kuke karanta wannan, bari in fara gaya muku yadda aikinmu yake, don in ba haka ba za ku ɗauka tsoron ganin jini ne ya hana ni kallo. Shekara talatin da ɗaya ina gareji, na ga jinin da ya ishe ni.

'Yata direbar tseren mota ce, irin tseren da ake yi a hanyar tsakuwa, mota ɗaya bayan ɗaya, ana auna wa kowa lokacinsa. Mutum biyu ne a mota. Ɗaya na tuƙi, ɗaya na gefe da littafi a cinya, yana karanta hanya kafin a iso ta. Ana saura kwana biyu mukan bi hanyar a hankali, in rubuta kowace kwana da lambarta. Ɗaya ita ce kwana mai tsanani, sai an kusa tsayawa. Shida kuwa ko ɗaga ƙafa ba a yi. Karatuna bai wuce firamare ba, amma littafin hanyata ko masu digiri suna zuwa leƙe. Direba a wannan tsere da kunne yake tuƙi. In na ce mata "dama shida, taka," za ta taka ko da tudu ya tare mata gaba. Shekara huɗu ni ne idonta.

Sunan mahaifiyata aka sa mata, don haka Mamana nake kiranta. Ita kaɗai Allah ya bar mana.

Ranar da abin ya faru, mota ta bar hanya a wata kwana, ta daki gindin bishiya, ta kife. Haka aka gaya mana, don mu a asibiti muka farka. Ni haƙarƙari uku da buguwar kai. Ita ƙafar dama, ƙafar birki da totur, karaya biyu, aka sa mata ƙarfe da noti tara. Likita ya ce tafiya za ta yi. Da na tambaye shi tuƙi fa, sai ya gyara gilashinsa ya ce mu fara da tafiyar tukuna.

Da safiyar yau na kai mata shayi ɗakinta kamar kullum. Labule a sake, fanka na juyawa a lamba ɗaya, ɗakin na warin man zafi. Tana kan gado da doguwar rigar nan ruwan toka wadda uwarta ta gaji da roƙon ta cire a wanke, ta ja hular sanyi har gira. Yarinyar da ko gareji za ta sai ta daidaita kalar ɗankwali da takalmi. Kofunan da ta ci a tsere guda biyar ta sa an sauke su daga kan kanta, an zuba a kwali an tura ƙarƙashin gado. Sandunanta biyu na jingine a bango, nesa da hannunta. Wayarta na kife kan filo, tana ɗan motsi lokaci zuwa lokaci.

"Mamana, an tashi lafiya?"

"Lafiya lau, Baba. Ya haƙarƙarin?"

"Suna nan inda kika bar su."

Wasa na yi niyya. Kafin in rufe baki na gane abin da na faɗa. Ta sunkuyar da kai tana kallon shayin.

"Inda na bar su," ta ce a hankali.

"Ba haka nake nufi ba."

"Na sani. Amma gaskiya ce ai. Latti na yi a birki."

"Kin tuna ne?"

"Ba sai na tuna ba. Shekara huɗu ba ka taɓa ba ni lamba ba daidai ba, ko sau ɗaya. To in ba kai ba ne, wa ya rage a motar?"

Na tsaya riƙe da faranti. Nan ne ya kamata in yi magana, kuma kullum nan ne nake yin shiru. Na ce shayin zai huce.

Wayar ta sake motsi. Na ce, "Ba za ki duba ba? Yaron nan ne fa."

"Na san shi ne."

Yaron nan shi ne mai gyaran wayarin mota a garejina. Ita ta sa masa suna Fiyus, don ko ɗaurin aure za shi sai ka samu fiyus biyu uku a aljihunsa, sunan kuma ya bi shi har uwarsa ta fara kiransa da shi. Shekara biyu suna tare. Shi ya ɗaura kyamarar a motar.

Har na kai ƙofa ta kira ni.

"Baba, ya ce katin kyamara yana wajenka."

Na ce yana nan.

"Ka kalla?"

"A'a."

"To don Allah ka ƙona shi. Ba na son wata rana zuciya ta ɗebe ni in kalli yadda na yi maka. Kuma ba na son kowa ya gani."

Kun ji fa. Da bakinta ta ba ni hanyar tsira. In na ƙona shi, shi ke nan, har in mutu ni ne uban da bai taɓa kuskure ba.

A falo na tarar da Yayata, wadda Mamana ke kira Gwaggo. Ta zo tun da wuri, ta baje kan doguwar kujera da mayafinta ruwan goro mai duwatsu, jakarta a cinya kamar mai jiran mota. Mai ɗakina na gefe tana guga, ta san in Yaya ta zo da jaka a cinya ba gaisuwa ce ta kawo ta ba.

"Zauna, auta," in ji Yaya. Shekarata hamsin da huɗu, har yanzu auta nake a bakinta. "Jiya uwar yaron nan ta sake zuwa gidana. Karo na uku ke nan. Na ba ta ruwa, na ba ta labarin ciwon gwiwata, na ƙara mata da na maƙwabciyata. Labarai sun ƙare min. Me zan ce mata?"

"Yaya, yarinyar nan ba ta warke ba."

"Ƙafa ce ta karye. Ko da ƙafa ake cewa na amince? Mutanen nan sun ce ko a keken guragu take suna so. Irin wannan ake wa yanga? Shekararta ashirin da shida, ba wanda zai mata dole, amma a ce e ko a'a mutane su san inda suka kwana."

"Za ta yi magana in lokaci ya yi."

"Lokaci. Da kai da ita duk kun iya lissafin lokaci in ana gudu, amma ban da na zaman duniya." Ta juya wajen mai ɗakina. "Tun tana goye na ce masa ya daina kai ta gareji. Yaran mutane na wasa da 'yar tsana, tawa tana barci a cikin taya. Ga shi nan."

"Ba laifin gareji ba ne, Yaya."

"To laifin wa? Ita ta ce nata ne, kai ka yi shiru, ni kuwa ban san birki daga madubi ba. Ni dai yau ba zan bar gidan nan ba sai da amsa. Na zo da maganina na rana."

Na ɗauki hulata na fita.

Garejin ba nisa, tafiyar minti goma, amma yanzu sai na huta sau ɗaya a hanya saboda ƙirji. Motar na can ƙarshen rumfa, an lulluɓe ta da tamfol shuɗi, an danne gefe da tsofaffin batura. Ba na bi ta wajen. Na tarar da Fiyus ya kifa kai cikin wata mota, waya ja da baƙa a haƙoransa. Da ya gan ni ya fito, ya goge hannu, ya durƙusa ya gaishe ni. Shi ma ya zube, rigar aikinsa ta yi masa yawa.

"Baba, ta ci abinci?"

"Ta sha shayi."

Ya ciro wayarsa ya miƙo min. Saƙonninsa ne a jere, kore bayan kore, kamar layin masu jiran likita. *Kin tashi lafiya? Yau mai gashin ƙafa zai zo, ki daure. Na ga wata mota kalar taki na tsaya ina kallo har mai ita ya tsargu. Ko harafi ɗaya ki turo in san kina gani.* A ƙasa can, amsa ɗaya tak, ta jiya da yamma:

*Ka nemi wata. Wadda ta kusa kashe ubanta ba a ba ta amanar ɗan wani. Kar ka sake turo min saƙo.*

Na karanta sau biyu. Na mayar masa da wayar.

A nan dole in koma baya in gaya muku abin da ban taɓa gaya wa kowa ba.

Mu masu karanta hanya muna da wata ƙa'ida. Kafin a tashi, sai ka bi littafinka shafi bayan shafi ka ninke kusurwa, wannan ta sama, na gaba ta ƙasa, har ƙarshe. Dalili shi ne mota na tsalle, hannu na gumi cikin safa, in takarda ta kwanta lumui a kan 'yar'uwarta, yatsa na iya ɗaukar biyu a matsayin ɗaya. Ni na koya wa rabin masu wannan aiki ninkin nan. Na taɓa ƙwace littafin wani a bakin layin tashi na jefa masa a ƙirji, na ce wanda bai ninke shafi ba makashi ne. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Safiyar tseren ina zaune kan akwatin kayan aiki ina ninki, na kai shafi na goma sha takwas, sai ga Fiyus ya zo ya tsugunna gabana. Ya cire hula, yana ta murza ta. Ya ce ya san ba wurin maganar ba ne, amma ya yi sati uku yana neman ƙarfin hali, in bai faɗa yanzu ba zai sake sati uku. Yana so in ba shi izini ya turo manyansa. Na dube shi, na hango Mamana can tana gwada hular kwano tana yi mana gwalo, don ta san abin da ake ciki. Na ce masa ya turo. Sai na ji idona ya cika. Na rufe littafin, na zagaya bayan babbar mota don kada yara su ga maigidansu yana hawaye. Ina can aka busa kiran motarmu.

Ranar da aka sallame ni daga asibiti aka ba ni kayana a leda: agogo, safar hannu, da littafin. Na buɗe shi a bayi, na kulle ƙofa. Ninki ya tsaya a sha takwas. Kowane shafin da na karanta yana da tabon babban yatsana a gefe, na ƙura da gumi. Sha tara akwai, ashirin akwai, ashirin da ɗaya akwai. Ashirin da uku akwai. Ashirin da biyu fari fat, kamar yau na rubuta shi. Layinsa na farko: *hagu ɗaya, birki tun daga tudu.* Layin farko na ashirin da uku kuwa: *hagu biyar, taka.*

Tun ranar nake gaya wa kaina tabo ba shaida ba ne. Wataƙila na riƙe shafin ta wani gefen. Wataƙila littafin ya buɗe da kansa da muka kife. Abu ɗaya ne zai raba gardama, don kyamarar tana ɗaukar murya.

Fiyus ne ya ciro katin daga motar washegarin hatsarin. Ya kalla shi kaɗai. Da ya kawo min a gadon asibiti, bai kalli idona ba, cewa kawai ya yi, "Baba, kai ya kamata ka fara gani." Ban tambaye shi ba, shi ma bai ƙara ba. Wata uku muna aiki a rumfa ɗaya, muna miƙa wa juna sifana, muna zagaye maganar kamar rami a tsakar hanya.

Yau na ce masa, "Ta ce in ƙona shi."

Ya sunkuyar da kai.

"Me ka gani a ciki?"

"Baba, kar ka sa ni."

"Ni ne?"

Ya ɗago. Idonsa ya yi ja. "Ni na katse ka ranar. Da na bari sai an gama tsere, da duk ba a yi haka ba. Kullum da shi nake kwana."

Bai amsa ba, amma ya amsa. Na nemi benci na zauna.

"Me ya hana ka gaya mata? Da ka gaya mata da yanzu an sa rana."

"In auri 'yarka da tonon asirinka? Wane irin suruki ke nan?" Ya share fuska da bayan hannu, ya bar baƙin mai a kumatu. "Ba zan faɗa mata ba, Baba. Amma in ta tambaye ni kai tsaye ba zan mata ƙarya ba. Shi ya sa wani lokaci har godiya nake da ba ta ɗaukar wayata."

Ya koma cikin motarsa. Ni kuma na shiga ɗakin walda na ja ƙofa. Na ɗaure katin a bakin filaya, na kunna wutar gas, na daidaita ta har ta yi shuɗi. Ba zan yi muku ƙarya ba, na kai shi kusa, har gefen robar ya fara sheƙi. Zuciyata na ce min: ita ta roƙa, cika mata buri kake. Za ta warke, za ta manta, yara suna mantuwa. Kai kuwa in ta ji, da wane ido za ta sake kallonka? Yarinyar da tun tana shekara biyar in an ce wa ya fi kowa sani a duniya sai ta nuna ka.

Sai saƙon nan ya dawo min. *Wadda ta kusa kashe ubanta.* Da hannunta ta rubuta, kuma ni na riƙe mata alƙalamin.

Na kashe wutar. Na leƙa na ce wa Fiyus ya ɗauko kwamfutarsa ya biyo ni.

A ƙofar gida na karɓi kwamfutar na ce ya jira a waje. Yaya ta yi barci a kujera, baki a buɗe, jaka har yanzu a cinya. Mai ɗakina ta biyo ni ɗaki, ta tsaya tana kallona ina ciro littafin daga ƙarƙashin katifa.

"Yau za a yi ke nan," ta ce.

"Za a yi me?"

"Abin aljihunka. Sau huɗu ina cire shi kafin in jiƙa riga, in mayar maka a wadda za ka sa." Ta gyara min wuyan riga, abin da ta daɗe ba ta yi ba. "Ni ban san me ke ciki ba, ban kuma tambaya ba. Na dai ga 'yata na ramewa, mijina na ramewa, na san tsutsa ɗaya ke cin su. In shigo?"

"A'a. In kin ji shiru ya yi yawa, to."

Na yi sallama a ƙofar Mamana. Tana nan yadda na bar ta, shayin ya yi fata a kofi. Na ɗaga labule, hasken la'asar ya shigo, ta kare ido da hannu. Na jawo kujera gefen gadon, gefen damanta, na ɗora mata littafin a cinya.

"Me zan yi da wannan?"

"Duba ninki."

Ta dube ni, ta dubi littafin. 'Yar gareji ce, ba ta buƙatar bayani. Ta sa yatsa a kusurwa tana bi, sama, ƙasa, sama, ƙasa. A sha takwas yatsan ya tsaya. Ta ci gaba da buɗewa a hankali. Da ta iso shafin nan fari, ta daɗe a kansa. Ta buɗe na gaba, ta dawo.

"Wannan ba komai ba ne," ta ce. "Kana iya riƙe shi ta ƙasa."

"Haka nake gaya wa kaina."

"Ka ƙona katin?"

Na ciro shi na ajiye kan littafin. "Na kusa. Mamana, ba zan miki dole ba. Motarki ce, ƙafarki ce. In kin ce kar a kalla, ba za a kalla ba. Amma ba zan ƙona shi kina ɗauke da kayan da ban tabbata naki ba ne."

"Kai me ya hana ka kallo?"

"Tsoro."

Ban taɓa faɗa mata wannan kalmar ba tun da aka haife ta. Ta kalle ni kamar na yi wani yare.

"Ni ma," ta ce.

Muka zauna. Fanka na juyawa, wani mai gyaran takalmi ya wuce a titi yana buga akwatinsa. Ta ɗauki katin tana juya shi, ta ga gefen da wuta ta lasa. Ta ajiye. Ta sake ɗauka. Sai ta jawo kwamfutar, ta zura shi da kanta.

Hoton ya fito daga bayan kujerunmu: hulunan kwano biyu, gilashin gaba, hanya ja a miƙe. Ga mu nan da ranmu da lafiyarmu. Muryarta ta fito tana dariya.

"Baba, wa ya sa ka kuka?"

"Ƙura ce."

"Ƙura mai fiyus a aljihu?"

"Kama sitiyarinki, mara kunya."

A kan gado ta yi wani sauti, rabi dariya rabi kuka. Aka ɗaga tuta, mota ta zabura. Na ji muryata tana zuba lambobi, a natse, ba gargada. Dama huɗu. Hagu shida, taka. Tudu, tsaya tsakiya. Hannuwanta na yawo kan sitiyari kamar ba ta taɓa yin wani aiki ba a duniya. Ban san ta iya tuƙi haka ba, don shekara huɗu kaina na cikin littafi. Na saci kallonta, na ga ƙafarta mai ƙarfen tana motsi ƙarƙashin bargo, tana neman birki.

Minti goma suka wuce. Na ga hannuna a hoton ya kai gefen takarda ya juya.

"Hagu biyar, taka."

Sai muryarta, da sauri: "Biyar, Baba?"

Ta ga tudun. Jikinta ya gaya mata. Ta tambaye ni. Kuma na ji kaina, ko ɗagowa ban yi ba, da muryar mutumin da bai taɓa kuskure ba:

"Biyar. Taka."

Ƙarar inji ta ƙaru. Mota ta hau tudun, hanya ta karye hagu kamar gwiwar hannu, bishiyar ta cika gilashi. Ta danna maɓalli, hoton ya tsaya cak.

Na kasa kallonta, na kasa kallon allon, sai na kalli hannuwana.

"Na tambaye ka," ta ce.

"Kin tambaye ni."

"Ban yi latti ba."

"Ba ki yi ba, Mamana. Abin da na ce kika yi."

Ta cire hular sanyin ta ajiye. Ta rufe fuska da tafin hannu biyu, kafaɗunta na girgiza, ba sauti. Na kai hannu zan dafa ta, ta ɗan janye. Kaɗan ne, amma na gani.

Da ta sauke hannun, idonta a bushe yake.

"Tun yaushe ka ga littafin?"

Ƙarya ta zo min har bakin leɓe. Na haɗiye ta. "Tun ranar da aka sallame ni."

"Wata uku."

"E."

"Kullum kana kawo min shayi."

Na gyaɗa kai.

"Fiyus fa? Ya gani?"

"Tun washegari. Ni ya rufa wa asiri. Kar ki ga laifinsa, yana ƙofar gida yanzu haka."

Ta gyaɗa kai a hankali, kamar mai haɗa lissafi. Sannan ta ce, ba faɗa, ba ɗaga murya, da ma ta yi faɗan da ya fi min sauƙi:

"Baba, da a asibiti ka gaya min, da kafin ka rufe baki na yafe. Shafi ne, kowa na iya tsallakewa. Ƙafar ma na bar wa Allah. Wata ukun nan ne ban san inda zan ajiye su ba."

"Ki yafe min."

"Miƙo min sanduna."

Na miƙa mata. Na sunkuya zan tallafe ta yadda na saba, ta ce, "Bar shi." Ta yunƙura sau ɗaya ta koma, ta cije leɓe, ta sake, ta miƙe. Ta jawo mayafin uwarta da ke rataye a ƙofa ta yafa kan rigar tokar. Tun da muka dawo daga asibiti ba ta taɓa wuce ƙofar falo ba.

Ina zaune ina jin sandunan a kan tayil, ɗaya bayan ɗaya. Na ji Yaya ta farka tana cewa, "Ikon Allah, ina zuwa haka?" Na ji mai ɗakina ta ce mata ta bar ta. Na ji ƙofar falo, na ji tsakuwar tsakar gida, na ji an zare sakata. Na kasa kunne iya ƙarfina, ban ji abin da ta ce wa Fiyus ba.

Can sai sandunan suka juyo, da takun mutum a bayansu, a hankali, kamar wanda aka kira ofishin 'yan sanda. A falo ta tsaya.

"Gwaggo, kar ki tafi. Yau za ki samu amsar da za ki kai musu." Ta ɗan numfasa. "Umma, ki ce wa Baba ya fito. Ya zauna kusa da wannan, inda zan riƙa ganin fuskokinsu su biyun."

Na dafa gwiwa na miƙe.